Kibod siriri mai igiya da ba ya damun abokan zama: nazarin lamarin wata ma'aikaciyar lissafi

## Yadda abubuwa suke kafin matsala

Wadda lamarin ya shafa ma'aikaciyar lissafi ce a wani kamfani. Aikinta shigar da lambobi cikin Excel, daidaita rasit da bayanan banki, da amsa imel. A ranar aiki hannunta yakan yi awa biyar zuwa shida a kan kibod. Ta yi shekaru tana da ofis ita kaɗai, sai aka sauya tsarin wurin, aka haɗa ta da mutum uku a ɗaki ɗaya. Teburinta da na wadda ke kusa da ita a manne suke gefe da gefe. Biyu daga cikin ukun aikinsu amsa kiran abokan ciniki ne, hedfon a kunne tun safe har tashi.

Kibod ɗin da ta shigo da shi nata ne na kanta, cikakke mai maɓallai 104, irin wanda ake ce wa na inji, wato kowane maɓalli da nasa makunnin da sifirin a ciki. Makunnan irin MX Brown ne na kamfanin Cherry: maɓalli yana nutsewa milimita 4, harafi yana fita tun a milimita 2, kuma akwai ɗan tudu da yatsa ke ji a hanya. Babu ƙas-ƙas ɗin da aka sa wa wani irin makunnin, MX Blue, da gangan. Saboda haka ta daɗe tana ɗaukar kibod ɗinta a matsayin mai shiru, kuma a ɗakin da ba kowa babu wanda zai musa mata.

## Mako na 1: ƙorafi biyu da sharaɗi ɗaya

Ƙorafin farko daga abokiyar zamanta ya fito, cikin ladabi. Wani abokin ciniki ya tambaye ta ko ana buga wani abu ne kusa da ita. Manhajar kiran tana tace hayaniya, kuma tana danne ƙarar kibod muddin ma'aikaciyar ta yi shiru. Amma da zarar ta fara magana, sai ƙarar ta bi muryarta ta shiga.

Ƙorafi na biyu daga jikinta ne. Sabon teburin ya ɗan fi tsohon tsayi, ba a kuma iya sauke shi. Kafin mako ya ƙare, wuyan hannunta na dama ya fara tsami da yamma. Ta ɗauki rula ta auna daga saman tebur zuwa saman maɓallan layin tsakiya, na A, S, D, F: milimita 38, ƙafafun baya a tashe. Ƙa'idar ISO 9241, wadda ta tsara yadda kayan aikin kwamfuta za su dace da jikin mutum, ta fi son wannan tsayi kada ya wuce milimita 30. Idan kibod ya yi tsayi, kuma gindin tafin hannu yana kan tebur, dole hannu ya lanƙwashe sama daga wuyansa, ya zauna a haka awa bayan awa.

Da ta kai maganar sashen kwamfuta, sai aka ƙara mata sharaɗi: duk abin da za ta kawo dole ya zama mai igiyar USB. Dalilai biyu suka bayar. Kwamfutocin sashen lissafi ana kulle faifansu da BitLocker, kuma kafin Windows ta tashi sai an shigar da lambar sirri. A wannan mataki kibod na Bluetooth yawanci ba ya aiki, domin manhajar da ke kula da shi ba ta riga ta tashi ba. Dalili na biyu dokar kamfani ce. A 2016 masu bincike na kamfanin Bastille sun nuna cewa wasu kibod marasa igiya, masu ɗan abin sokawa a ramin USB, suna watsa abin da aka danna ta iska ba tare da ɓoyewa ba, har mai ƙaramar na'urar rediyo daga nesa ya iya karantawa. Sun sa wa raunin suna KeySniffer. Binciken bai shafi Bluetooth ba, kuma samfura masu kyau suna ɓoye bayanansu, amma sashen ba shi da lokacin tantance su ɗaya bayan ɗaya, hana su gaba ɗaya ya fi musu sauƙi. An kuma gaya mata ba za a girka mata manhajar wani kamfanin kibod a kan kwamfutar ba.

Abin nema ya zama guda uku a jiki ɗaya: mara ƙara, siriri, mai igiya. Ita kuma ta ƙara na huɗu, wanda ba ta yarda a yi ciniki a kansa ba: ɓangaren lambobi na hannun dama.

## Mako na 2: zoben roba

Ba ta so rabuwa da kibod ɗinta, sai ta fara da gyaran da ake yawan ba da shawara. Ana cire hular kowane maɓalli, a zura ɗan zoben roba a ƙafarta, a mayar. Yamma guda ta kashe a kai.

Washegari ƙarar ta ragu, amma ba yadda aka so ba. Zoben yana tsakanin hula da saman makunni, don haka dukan sauka kaɗai yake tarewa. Idan yatsa ya ɗaga, sifirin yana wurgo maɓallin sama ya bugi rufin makunnin, kuma wannan dukan ba ruwan zobe da shi. Dogon maɓallin tazara ma bai canza ba, domin ƙararsa daga sandar ƙarfen da ke daidaita shi take fitowa. Ga shi maɓallan sun yi laushi mara daɗi a ƙarshen tafiyarsu, tsayin kibod kuwa yana nan yadda yake. Abokiyar zaman ta ce da sauƙi, amma har yanzu ana ji a kira.

## Mako na 3: aro biyu

Sashen kwamfuta ya ba ta ɗaya daga cikin kibod ɗin da ake rabawa kowa, mai ƙoƙon roba a ƙarƙashin kowane maɓalli. Ya fi nata shiru. Sai dai irin wannan ba ya fitar da harafi sai an danna shi har ƙasa, kuma manyan maɓallan suna cijewa idan aka taɓa su a gefe. Maɓallin sifili da na Enter a ɓangaren lambobi, waɗanda ta fi dannawa, su ne suka fi cijewar. Sai ta koma duka da ƙarfi don kada lamba ta ɓace, ƙarar da aka rage ta dawo ta wata ƙofa. Tsayinsa kuma bai yi nisa da nata ba.

Wani ma'aikacin sashen ya ara mata nasa na kwana ɗaya, mai makunnan Cherry MX Silent Red. Waɗannan an sa musu roba a jikin sandar da ke hawa da sauka, sama da ƙasa, don haka dukan sauka da na tashi duk a tare suke. Zurfinsu milimita 3.7 ne. A ranar babu wanda ya yi ƙorafi. Amma kibod ne mai cikakken tsayi, kuma da yamma wuyan hannun ya yi tsami kamar kullum. Wannan ne karo na farko da aka ga ƙara da tsayi suna iya rabuwa, ko da yake a lokacin ba ta tsaya ta lura ba.

## Mako na 4 zuwa na 6: siriri na inji

A nan aka fi ɓata lokaci, kuma nan ne lamarin ya fi ban sha'awa.

Ta fara duba sirara, ta kusa sayen wani da aka nuna da igiya a hoto. Da ta karanta bayanansa da kyau, sai ta ga igiyar ta caji ce kawai. Ko an soka ta, rubutu ta iska yake tafiya. Akwai marasa igiya da ke komawa masu igiya na gaske idan an soka su, akwai kuma waɗanda ba sa komawa, kuma hoto ba ya bambanta su. Dole a ga an rubuta cewa yana aiki ta USB, ba caji kaɗai ba.

Daga nan ta sayi siririn kibod na inji, mai igiya, mai fuskar alminiyam. Wannan aji ya yaɗu ne bayan kamfanin Kailh ya fitar da makunnan Choc, Cherry kuma ta fitar da MX Low Profile a 2018. Bambancin a bayyane yake a lambobi. Makunnin MX na yau da kullum tsayinsa milimita 18.5, siririn kuwa 11.9. MX Low Profile Red yana nutsewa milimita 3.2, harafi yana fita a 1.2, ƙarfin dannawa sentiniwton 45, wato nauyin da bai wuce giram 46 ba. Choc na farko yana nutsewa milimita 3, harafi a 1.5. Nata na wannan aji ne, irin mai santsi wanda babu tudu a hanyarsa.

Rula ta ba da milimita 24 a layin tsakiya. Cikin kwanaki kaɗan tsamin hannu ya ja baya. Ta ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Abokiyar zaman ta ce ƙarar ba ta kai ta da nauyi ba, amma ta fi kaifi, kamar ana taɓa gilashi da farce, kuma irin wannan ta fi ratsa makirufo. Dalilan suna cikin ginin kibod ɗin. Yatsunta sun saba da tafiyar milimita 4 mai tudu a tsakiya, tudun da ke gaya musu harafi ya fita, su fara ja da baya. Yanzu hanya ta gajarta, tudun ya tafi, sifirin mai sauƙi ne, don haka kowane dannawa sai ya kai ƙasa da cikakken gudu. Abin da ke ƙasan kuwa roba mai tauri ce a kan farantin ƙarfe, babu wani abu mai laushi a tsakani. Hulunan sirara ne, jikin kibod ɗin ma siriri, ba shi da nauyi ko kaurin da zai haɗiye girgiza. An rage masa tsayi, ba a sa masa abin da zai tare duka ba. Zoben robar da ta saya a baya bai zauna daidai a kan gajerun ƙafafun waɗannan huluna ba. Akwai sirarun makunnai masu robar shiru a ciki, amma ba su kai na cikakken tsayi yawa ba, kuma samun su a cikakken kibod mai igiya da ɓangaren lambobi sai an tona.

Sai wata matsala da ba ta ƙara ba ce. Harafin da ke fita bayan tafiyar da ba ta kai milimita 2 ba, a kan sifirin mai sauƙi, yana iya fita ko da mutum ya ɗora yatsa ne kawai yana tunani. Masu wasannin kwamfuta suna son haka. A cikin imel, harafi ɗaya da ya yi tsalle ido zai kama shi. A cikin jerin lambobi kuwa, sifili ɗaya da ya ƙaru ba ya nuna kansa sai lissafi ya ƙi daidaita a ƙarshen rana, a koma ana bi layi-layi. Hakan ya faru da ita fiye da sau ɗaya a makonnin nan.

Ƙari a kan haka, layin maɓallan F na sama an saita shi ne don ƙara murya da hasken allo, sai an haɗa da Fn kafin a sami F2 ko F4. Mai aiki da Excel yana danna F2 don gyara abin da ke cikin akwati, F4 don maimaita umarni ko kafe adireshin akwati, sau da yawa a awa. Akwai hanyar juya saitin, amma ta manhajar kamfanin ce, wadda aka riga aka hana. Ta mayar da kibod ɗin kafin wa'adin mayarwa ya cika.

## Mako na 7: neman inda ƙarar take

Kafin ta sake sayen komai, ita da ma'aikacin da ya ara mata kibod suka zauna bayan tashi suka yi gwaji. Sun fara da manhajar auna ƙara ta wayar salula, wayar a mita ɗaya, ana buga sakin layi ɗaya a kowane zagaye. Lambobin ba su taimaka ba. Manhajar tana ba da matsakaici ne, dukan maɓalli kuwa gajere ne ƙwarai, yana zuwa ya wuce kafin ya ɗaga matsakaicin yadda ya kamata. Ga na'urar sanyaya ɗaki tana nata ƙugin a baya. A ma'aunin desibel, bambancin 3 da kyar kunne ke kama shi, sai wajen 10 ne mutum ke jin kamar ƙara ta ninka, kuma makirufon waya ba a daidaita shi don irin wannan awo ba. Suka ajiye lambobi.

Sai suka naɗi sautin, suka buɗe shi a manhajar da ke zana sauti a kan allo. Kowane dannawa ya fito da tsini biyu, ɗaya na sauka, ɗaya na tashi. A tsohon kibod mai zoben roba, tsinin farko ya gajarta, na biyu yana tsaye. A mai Silent Red dukansu gajeru ne. Maɓallin tazara kuwa bayan tsininsa akwai ɗan jela na karkarwa.

Gwaji na gaba ya fi komai sauƙi, kuma shi ya fi ba da amsa. Abokiyar zaman ta juya baya a kujerarta, tana faɗin abin da take ji, ana sauya abu ɗaya kawai a kowane zagaye. Da aka naɗe ƙafafun baya, kibod ya kwanta, ƙarar ta ragu, domin tashin ƙafafu yana barin rami a ƙarƙashi, nauyin duka kuma yana taruwa a wurare biyu ƙanana. Da aka ɗora shi a kan tawul mai ninki biyu, wani ɓangare na ƙarar, mai zurfin nan, ya ɓace ɗungurungum. Ashe teburin ne. Saman teburin siririn katako ne mai faɗi a kan firam ɗin ƙarfe, kuma yana yi wa kibod aikin da fatar ganga ke yi wa makaɗi. Tun da teburan biyu a manne suke, girgizar tana ratsawa zuwa wancan gefen, abokiyar zaman tana jin ta a gwiwar hannu kafin ma ta ji ta a kunne. Suka raba teburan da tazarar yatsa ɗaya.

A ƙarshe ma'aikacin ya tambaye ta ko a gida ana ƙorafin bugunta. Ta ce a'a, a gida laftof take amfani da shi. Ta kawo shi washegari aka gwada a kan teburin. Ya fi duk abin da aka gwada shiru, ban da mai Silent Red, wanda suka yi kusan kunnen doki da shi.

## Mako na 8: zaɓi

Maɓallan yawancin laftof masu almakashi ne. A ƙarƙashin kowace hula akwai 'yan sanduna biyu na roba mai tauri da suka gitta juna, suna buɗewa suna rufewa, a tsakiyarsu kuma ɗan ƙoƙon roba mai laushi. Almakashin yana riƙe hula ta sauka daidai ko a gefe aka danna ta, abin da kibod ɗin ofis ya kasa. Ƙoƙon roba shi ne sifirin, shi ne kuma matashi: yana ɗan turjewa da farko, ya faɗa, ya tare dukan sauka, sannan ya dawo da hula ba tare da wurgi ba. Zurfin tafiya yawanci tsakanin milimita 1 ne da 2.5. Hular ba ta da nauyi, hanyar gajera ce, don haka abin da zai yi duka ma kaɗan ne. Turjiyar farko kuma tana hana harafi fita don an ɗora yatsa kawai.

Ana yin irin wannan don tebur, da igiya. Cherry da Logitech da Lenovo da wasu sun fitar da samfura masu almakashi masu USB, ko da yake kasuwar sirara ta fi karkata ga marasa igiya. Abin lura shi ne ba duk kibod mai faffaɗan maɓallai masu kusurwa huɗu ne mai almakashi ba. Da yawa ƙoƙon roba ne zalla aka yi masa siririyar hula, kuma cijewar nan tana nan. Ta tabbatar an rubuta almakashi a bayanan samfurin.

Sauran abubuwan ta bi su ɗaya-ɗaya, saboda abin da ta riga ta gani. Tazarar tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa ta zama ta ƙa'ida, milimita 19, don wasu sirara suna matse ta. Tsarin ya zama irin wanda ta saba, ANSI, mai Enter a kwance da dogon Shift na hagu. Tsarin ISO mai maɓallai 105 yana da Enter a tsaye da ƙarin maɓalli kusa da Z, kuma hannun da ya saba da ɗaya yakan yi tuntuɓe a ɗayan. Maɓallan F su yi aikinsu kai tsaye. Kibiyoyi da Home da End da Delete su zauna a gurbinsu daban. A sami farantin ƙarfe a ciki don kada ya lanƙwashe a tsakiya, da roba a ƙarƙashi don kada ya zame. Igiya ta kai mita 1.8, domin kwamfutar a ƙasan tebur take, kuma bakinta ya zama USB-A kamar ramin kwamfutar. Hasken maɓallai ba ta neme shi ba. Ɗakin da haske, ita kuma ba ta kallon hannunta.

Ta haɗa da shimfiɗar tebur mai kaurin milimita 4, yadi a sama, roba a ƙasa, mai faɗin da ya ɗauki kibod da linzami. Aka soka, lambar sirrin farko ta shiga ba gardama. Tsayin layin tsakiya daga saman shimfiɗar, ƙafafu a naɗe, milimita 17.

## Mako na 9 zuwa na 12: sabo

Makon farko bai yi mata daɗi ba. Gudun rubutunta ya ragu, kan yatsunta ya yi zafi, saboda tana duka da ƙarfin da ya dace da milimita 4 a kan abin da bai wuce rabin haka da yawa ba. Hulunan kuma a shafe suke, babu lanƙwasar da ke kama yatsa, kuma layukan duk tsayi ɗaya, ba kamar tsohon ba wanda kowane layi da nasa karkatar. Sai ta koma dogaro da 'yan tudun da ke kan F da J, da na kan 5 a ɓangaren lambobi, waɗanda ta yi shekaru ba ta san tana amfani da su ba.

A mako na biyu hannun ya sassauta da kansa. Wannan ya rage ƙarar fiye da yadda aka zata, har abokiyar zaman ta ce bambancin makon farko da na uku ya kusa kai bambancin tsohon kibod da sabo. Maɓallin tazara ne kaɗai ya rage da ɗan ƙara, don a nan ma akwai sandar ƙarfe, amma ba ya shiga kira. Kafin ƙarshen mako na 12 gudunta ya koma kusan yadda yake, kuma matsalar lambobin da ke ƙaruwa ba ta sake tasowa ba.

A cikin wannan lokaci ta ɗaga kujerarta har gwiwar hannu ta yi daidai da saman tebur, ta sa matakin ƙafa don ƙafafunta su daina lilo.

## Wata na 6: inda aka tsaya

Babu sabon ƙorafi daga masu amsa kira. Tsamin wuyan hannu ya tafi, sai dai a kwanakin rufe lissafin wata yakan ɗan leƙo. Maɓallan da aka fi taɓawa sun fara sheƙi. Wata rana ta ɗaga hular Enter ta ɓangaren lambobi don ta cire datti, ɗaya daga cikin 'yan haƙoran da ke riƙe ta ya tsage. Hular ta koma, tana aiki, amma tana ɗan rawa, kuma babu inda za a sami makwafinta ita kaɗai. Tun daga nan goga mai laushi da iska kawai take amfani da su.

## Hukunci

Makonni shida na farko sun tafi ne a kan zato ɗaya, cewa siriri da mara ƙara abu ɗaya ne. Ba su haɗa hanya ba. Tsayi ya dogara da girman makunni da kaurin jiki. Ƙara ta dogara da ko akwai abu mai laushi a wurin da duka ke faɗawa, sauka da tashi, da kuma abin da kibod ke zaune a kai. Mai Silent Red ya ba da shiru ba tare da sirantaka ba, siririn inji ya ba da sirantaka ba tare da shiru ba. Mai almakashi ya haɗa su ne don robar da ke ɗaga maɓallin ita ce kuma ke tare shi.

A ganina gwajin mako na 7 shi ya kamata ya zo a mako na 1. Bai buƙaci sayen komai ba, tawul ne da kunnen wadda ke ƙorafin, kuma da an yi shi tun farko da an san kaso mai yawa na ƙarar daga tebur yake fitowa. Da wuya shimfiɗa da raba tebura su kaɗai su ishe ta da tsohon kibod, tun da dukan tashi ta iska yake tafiya, amma da sun rage matsin da ya sa ta yi gaggawar sayen wanda ta mayar.

Game da hannu, ba daidai ba ne a ba kibod ladan duka. An sauke tsayi daga milimita 38 zuwa 17, an naɗe ƙafafu, an ɗaga kujera, duk a cikin 'yan makonni. Abin da za a iya cewa shi ne sauƙin ya fara tun a mako na 4, lokacin da tsayi kaɗai aka sauya, wanda ke nuna tsayin yana da hannu a ciki. Nata tsami ne da ke wucewa da hutu; da ya kai ga yatsu suna mutuwa ko ciwo yana tashe ta da dare, wannan maganar likita ce, ba ta sauya kibod ba.

Akwai abin da ta bayar a madadin. Cherry tana ba makunnanta na MX dannawa miliyan 50 zuwa sama da 100 gwargwadon iri, kuma idan hula ta lalace ana sauya ta, a wasu samfuran ma har makunnin ana zare shi. Mai almakashi bai kai nan ba, kuma idan ya karye yawanci kibod ɗin gaba ɗaya ake sauyawa. Ga mai buga lambobi awa shida a rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da teburinta ana iya sauke shi, ko kuma da akwai allon ɗora kibod a ƙarƙashinsa, da mai cikakken tsayi mai makunnan shiru, tare da matashin tafin hannu, ya fi dacewa da ita, ya kuma fi daɗewa. Teburin da ba ya sauka shi ya rufe wannan ƙofa. Sashen kwamfuta ya ajiye mata na biyu irin wanda take amfani da shi, don ranar da hular Enter za ta ƙarasa.